Milimita ɗaya a rana, labarin hannun autanmu

Autanmu ɗan kabu-kabu ne. Wata biyar ke nan wani mutum ya tsaida shi wajen Kasuwar Dole da kwanon rufi a naɗe, za su Garin Malam, suna shan wata kwana iska ta fizgi kwanon, shi kuma maimakon ya bar shi ya faɗi sai ya kai hannun hagu ya tare, bakin kwanon ya yanke shi sama da wuyan hannu kaɗan ta gefen ƙaramin yatsa. An kai shi wani ɗakin shan magani na kusa aka ɗinke fata aka yi pansama aka ce ya je gida, ciwo ya warke sumul cikin kwana goma, sai dai ƙaramin yatsan da rabin na kusa da shi kamar ba nashi ba, ka tsikare su da allura yana kallonka yana dariya. Sai da muka kai shi wurin babban lokotoro sannan aka gane jijiyar ji da motsi ce ta tsinke a ciki, fata kawai aka rufe a kanta. Aka sake buɗewa aka haɗa bakin jijiyar da wani zare da ya fi gashi siranta, sati uku bayan hatsarin.

Da muka koma randebu lokotoron ya kama hannun, ya riƙa ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da kan yatsarshi tun daga ƙasa yana hawa, har ya zo wani wuri Auta ya zabura ya ce kai, kamar kuran ya ja ni har cikin yatsa. Lokotoro ya ce madalla, nan ta kawo. Ya ɗauki bik ya ɗiga a wurin. Ya ce jijiyar tana tsirowa ne daga inda aka ɗinke tana bin tsohuwar hanyarta, kuma tafiyarta wajen milimita ɗaya ce a rana, ba ta san gaggawa ba. Wannan ƙwanƙwasawar wani likitan Faransa ne mai suna Jules Tinel ya bayyana ta a 1915 yana duba sojojin da harsashi ya tsinka wa jijiya a yaƙin duniya na farko, har yau da sunanshi ake kiranta. Tun daga ranar na ari santimitar tela wurin matata, kowace Juma'a bayan an sauko masallaci Auta ya zo gidana in ƙwanƙwasa in ɗiga in auna in rubuta a bayan kayen da nake shirya darasi. Shi abin haushi yake ba shi, yana cewa Yaya kai ka maida ni ɗan lakwal ɗinka. Ni kuma abin ya hana ni barci ta wani gefen daban.

Ga dalili. A layinmu akwai wani bawan Allah da ya faɗo daga saman gini shekara bakwai da suka wuce, laka ta taɓu a gadon baya, har yau a keke yake. To jijiya jijiya ce mana, me ya sa ta hannu take tsirowa ta laka ba ta tsirowa? Shekara goma sha ɗaya ina koyar da SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a lise, in na zo darasin jijiya nuron, wato ƙwayar jijiya mai kai saƙo, nake zanawa a tablo, in ja mishi doguwar wutsiya in sa mishi ƴan ƙulle-ƙullen miyelin, sauran ƙwayoyin da ke kewaye da shi kuwa layi ɗaya nake ba su, in ce masu tallafi ne, mu wuce tunda ba a cika tambayarsu a bak ba. Ashe amsar tambayata kusan duk tana wurin waɗannan da nake tsallakewa.

Sunansu giliya. Wani Bajamushe Rudolf Virchow ne ya raɗa musu shi a 1856 daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo, don a ganinshi wani abu ne kamar ƙaro da ya riƙe nuron kada su watse. Sunan ya cuce su gaskiya, shekara da shekaru ana musu kallon ciko. An ma daɗe ana rubutawa a littattafai cewa sun ninka nuron sau goma, ni kaina na faɗa wa yara haka ba sau ɗaya ba, sai a 2009 Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta a Burazil suka narkar da ƙwaƙwalwar mutum suka ƙirga, suka samu nuron wajen biliyan 86, waɗanda ba nuron ba wajen biliyan 85, kusan kunnen doki ke nan. Kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai astrosit masu siffar tauraro, su ke ciyar da nuron su share abin da ya zubar su riƙe bakin hanyoyin jini. Akwai oligodandirosit, zan riƙa ce musu oligo don bakina ya huta, su ke naɗe wutsiyar nuron da miyelin a cikin ƙwaƙwalwa da laka, kamar robar da ke jikin wayar kuran, guda ɗaya tana iya miƙa hannuwa ta naɗe wayoyi da dama. A wajen ƙwaƙwalwa da laka kuma, hannu da ƙafa da sauransu, ƙwayoyin Schwann ke wannan aikin, kowace ta rungumi guntun waya ɗaya tak. Da wannan robar saƙo yana iya gudun mita ɗari a daƙiƙa, babu ita abin bai fi mita ɗaya ko biyu ba. Sai mikrogiliya, masu shara da tsaro, su baƙi ne ma a gidan, dangin ƙwayoyin jini ne da suka shigo ƙwaƙwalwa tun tayi yana ɗan mitsitsi suka zauna, su labarinsu daban ne, ba zan bi ta kanshi yau ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne nuron da astrosit da oligo uwarsu ɗaya. Ƙwaya guda ce a tayi take rabuwa tana haifar wannan tana haifar wancan, kuma ADN ɗin da ke cikinsu, wato kundin gadon halitta, iri ɗaya ne sak, har da na fatar tafin ƙafarka. To wa ya ce wa wannan ki zama nuron, waccan ki zama mai naɗi?

Yadda nake kwatanta wa kaina, ka ɗauki ADN kamar wata ƙatuwar kasuwa mai shago wajen dubu ashirin, kowane shago jen ɗaya ne, wato umarnin ƙera abu ɗaya, kowane da kwaɗo a ƙofa. Kowace ƙwaya tana da kasuwar gaba ɗaya amma ba duka shagunan take buɗewa ba. Akwai wasu furotin da aikinsu kawai su bi layi su nemo ƙofar da suka sani, su zauna a bakinta su buɗe a kwafi abin da ke ciki, ko kuma su zauna su hana kowa buɗewa. A aji da Faransanci muke kiransu, ni nan zan ce musu masu makulli. Ɗan Adam yana da irinsu wajen 1600. Kuma su kansu masu makullin a cikin shagunan ake ƙera su, to ka ga wani mai makulli zai buɗe shagon da za a fito da wani mai makullin, shi kuma ya buɗe na gaba, wani ma ya juyo ya rufe na wanda ya fito da shi, haka abin yake tafiya kamar gado.

Wurin da aka fara ganin abin ƙarara a jikin ƙuda ne, ɗan mitsitsin nan mai jan ido da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro. A 1995 ƙungiya biyu, ɗaya a Japan ɗaya a Amurka, suka ba da labarin wani jen da aka sa wa suna gcm, taƙaitawa ce ta Turanci mai nufin giliya sun ɓace, shekara ta gaba wata ƙungiyar a Strasbourg ƙarƙashin Angela Giangrande ta fito da nata aikin a kanshi da wani sunan. In aka lalata gcm a tayin ƙuda, ƙwayoyin da ya kamata su zama giliya ba mutuwa suke ba, nuron suke zama. In kuma aka kunna shi da ƙarfi inda ba wurinshi ba, waɗanda za su zama nuron sai su koma giliya. Makulli ɗaya, ƙofa biyu. Shi gcm ɗin ma ba ya daɗewa, yana zuwa ya tada yaranshi ya tafi, ya tada repo da pointed su buɗe shagunan aikin giliya, ya tada tramtrack shi kuma ya bi shagunan nuron yana datsewa. Wannan na ƙarshen ya burge ni, don bai isa a koya wa ƙwaya sana'ar giliya ba sai an hana ta ɗayar sana'ar da take iya yi. Ko a ƙudan ma dai akwai ƴan giliyan tsakiyar jiki da ba ruwansu da gcm, nasu mai makullin daban.

Da aka ga haka kowa ya zaci shi ke nan, a je a nemo gcm na ɓera da na mutum an gama. An same su kuwa har biyu, sai dai babban aikinsu ba a ƙwaƙwalwa yake ba. Gcm1 a mabiyiya yake aiki, ɓeran da ba shi da shi tun a ciki yake mutuwa don mabiyiyar ba ta ginuwa daidai, Gcm2 kuma shi ke gina wasu ƴan ƙananan kaluluwa da ke maƙale bayan maƙoshi masu daidaita kalsiyom a jini. Makulli iri ɗaya, an kai shi wata kasuwar.

Mu masu ƙashin baya namu tsarin ba na sarki ɗaya ba ne, na lokaci ne. Uwar ƙwayar nan nuron take fara haifa, sai can daga baya ta juya ta koma haifar giliya, ba a taɓa yin akasin haka. Da fari masu makulli irin su Neurogenin da Ascl1 ke riƙe da kasuwa suna tura ƴaƴa su zama nuron. A lokacin ko ka zuba wa ƙwayar sinadarin da ke cewa ki zama astrosit ba za ta ji ba, saboda abu biyu. Na farko ƙofar shagunan astrosit, misali wani jen GFAP, an manna mata wasu ƴan ƙwayoyin metil, kamar yadda yara ke cusa cingam a ramin kwaɗo, mai makullin da ake kira STAT3 zai zo da makullinshi daidai amma ba ya shiga. Na biyu shi Neurogenin ɗin yana janye ƴan aikin da STAT3 ke bukata ya riƙe su a wurinshi. Sai a hankali abubuwa su fara juyawa, sababbin nuron da aka haifa su riƙa taɓa uwayen ta wata hanya da ake kira Notch suna cewa ku dakata haka nan kada ku ƙare, Sox9 ya tashi ya tada NFIA, shi NFIA ya sa a ɓamɓare cingam ɗin, kuma dai su nuron ɗin ne ke fitar da sinadarin da ke tada STAT3. Wato yayyen ne da kansu ke cewa mun isa, a haifo mana masu kula da mu. Aikin Sox9 a wannan juyin daga ɗakin binciken Michael Wegner ya fito a Jamus a 2003, na NFIA kuma Benjamin Deneen da David Anderson a Amurka a 2006, a lakar ɗan tsako da ta ɓera. In aka cire Sox9 uwayen sai su yi ta zuba nuron bayan lokacinsu ya wuce, giliya su yi ƙaranci.

Wanda na fi so a cikinsu duka Olig2 ne. A ƙasan lakar tayi akwai wani ɗan siririn layi na uwayen ƙwaya da ke ɗauke da shi. A ɓera wajen kwana na tara zuwa goma na ciki wannan layin nuron masu motsa tsoka yake haifa, irin waɗanda ke sa Auta ya matse ambiriyaj. Kwana biyu uku bayan nan, layin nan dai, Olig2 ɗin nan dai, sai ga shi yana haifar oligo. A 2002 da aka cire shi a ɓera duka biyun suka ɓace a laka, babu masu motsa tsoka babu oligo, ƴaƴan ɓeran suna fitowa suke mutuwa. To ta yaya makulli ɗaya yake ba da abu biyu da ba su yi kama ba? Ya danganta da wanda yake zaune da shi. Da fari yana tare da Neurogenin2, sai nuron. Da wannan ya ja baya, su Sox9 da NFIA suka iso, daga baya Nkx2.2 da Sox10, sai oligo. Har an gano a Landan a 2011 cewa akwai wata ƴar ƙwayar fosfat da ake manna wa Olig2 a wuri ɗaya, tana nan yana harkar nuron, an cire ta ya sake abokai. Zama da maɗaukin kanwa dai. Daga nan kafin oligo ta fara naɗi na gaske sai Sox10 ya tada wani da ake kira Myrf, wanda Ben Emery ya bayyana a 2009 a ɗakin binciken Ben Barres, su biyun su buɗe shagunan miyelin. Kuma naɗin nan a ƙwaƙwalwar mutum ba ya ƙarewa da yarinta, goshi musamman har bayan shekara ashirin ana yi, na faɗa wa Auta shi ya sa mai shekara ashirin da biyu zai ga kwano yana tashi a iska ya kai hannu, bai yi dariya ba.

To mu dawo hannun. Ƙwayoyin Schwann ba daga wancan layin suka fito ba. Lokacin da bututun da zai zama laka yake rufewa a bayan tayi, wasu ƙwayoyi suna ɓallewa daga bakinshi su bazu cikin jiki kamar fatake, wasu su zama masu ba fata launi, wasu jijiyoyin hanji, wasu Schwann. Duk Sox10 ke riƙe da su, shi ya sa yaron da aka haifa da Sox10 mai tangarɗa za ka iya ganinshi da farin gashi a goshi da kurumta da hanjin da ba ya tura kashi, abu uku da in ba ka san asalinsu ɗaya ba ba za ka taɓa haɗa su ba. A cikin Schwann, Sox10 yana tada Oct6, su biyun su tada Krox20, shi ne mai cewa a naɗa. A 1994 a Paris ƙungiyar Patrick Charnay ta cire Krox20 a ɓera, ƙwayoyin suka zo suka rungumi wayar daidai, suka tsaya nan, ba naɗi. Abin da ya fi wannan, daga baya an cire shi a ɓeran da ya riga ya girma miyelin ɗinshi ya kammala, sai miyelin ɗin ya fara warwarewa. Haka ma Myrf a oligo. Ni a da ina ɗauka ƙwaya in ta zama abu ta zama ke nan kamar tubalin da aka gasa, ashe kullum sai mai makulli ya fito ya buɗe shago, ranar da bai fito ba sana'ar ta fara mutuwa.

Kuma wannan rashin dawwamar shi ne ya ceci hannun ƙanena. Ranar da kwano ya tsinka jijiyar, duk guntun wayar da ke ƙasa da yankan, daga wuyan hannu zuwa kan yatsa, ya rabu da uwar jikinshi, cikin ƴan kwanaki ya ruɓe, wani Bature Augustus Waller ya ga haka tun 1850 a jikin kwaɗi. Amma Schwann ɗin da ke naɗe da shi ba su mutu ba. Wani mai makulli c-Jun ya tashi a cikinsu, Krox20 ya kwanta, suka kwance miyelin ɗinsu da kansu suka fara cinye shi, suka kira masu shara daga jini su kwashe saura, suka miƙe suka yi tsawo suka jeru a layi cikin tsohon bututun kamar mutanen da suka tsaya bakin hanya da fitila, suna fitar da abincin da sabon tsiro ke bi. A 2012 ƙungiyar Kristjan Jessen da Rhona Mirsky a Landan ta nuna in ka cire c-Jun daga Schwann na ɓera, yana girma lafiya lau ba ka ganin komi, sai ranar da jijiya ta yanke, sharar ba ta kwasuwa da wuri, layin ba ya jeruwa daidai, tsiron ya kasa, nuron da yawa su mutu. In tsiron ya iso kuma c-Jun ya koma ya kwanta Krox20 ya dawo a sake naɗi. Sai dai masu fitilar ba sa jira har abada, in watanni suka yi ta wucewa ba abin da ya iso sai su gaji su fara raguwa, shi ya sa lokotoron ya yi ta faɗa a kan sati ukun da muka ɓata, kuma shi ya sa duk wanda ya yanke a hannu ya ga wani yatsa ya mutu kada ya yarda da warkewar fata.

Maƙwabcinmu mai keke kuwa oligo gare shi a wurin, su ba su iya wannan juyin ba. Ba sa kwance naɗinsu su zama ƴan jagora, tarkacen miyelin ya daɗe a wurin kuma a cikinshi akwai furotin masu cewa tsiro tsaya, ɗaya Nogo sunanshi, Martin Schwab ya yi aikinshi a Zurik. Astrosit kuma su zo su kewaye ciwon da tabo, wanda yana tsare ɓarna kada ta yaɗu amma hanya ba ta buɗuwa. Tun 1981 a Kanada Samuel David da Albert Aguayo suka ɗauki guntun jijiyar ƙafar ɓera suka dasa a laka kamar gada, sai ga wayoyin laka sun shiga cikinta suna tsirowa santimita da santimita, suna isa ƙarshen gadar suka koma cikin laka suka cije. Nuron ɗin yana iyawa ke nan in ya samu masu fitila.

Wata na biyu yatsun nan biyu na Auta suka fara lanƙwashewa, tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta faɗa. Inna ta riƙe hannun tana juyawa, ta ce ni wannan hannun ya fara yi mini kama da na, sai ta yi shiru ba ta ƙarasa ba. Na san wanda take nufi. Muna yara akwai wani dattijo da ke zuwa zauren Baba daga Kara-Kara duk Juma'a, unguwar da a da can aka ware wa masu kuturta, Baba yana ce mishi Malam, mu muna ce mishi Baba Tsoho, kuma abin da ba na mantawa shi ne yadda yake sauke butar shayi daga kan gawayi da hannu ba tsumma, muna ganin abin kamar wani ƙarfi ne, ashe ba ya ji ne, yana ƙonewa bai sani ba. Na ce Inna ki kwantar da hankalinki, ba kuturta ba ce, amma idonki bai yi ƙarya ba, jijiya ɗaya ce. Ƙwayar cutar kuturta, wadda Gerhard Hansen ya gano a Norwe a 1873, wuri mai sanyi-sanyi take so, wannan jijiyar kuwa a gwiwar hannu dab da fata take bi, shi ya sa tana cikin waɗanda ta fi kamawa, hannun ya lanƙwashe iri ɗaya. Kuma ɗakin da take shiga ta zauna a cikin jijiyar ba wani ba ne, ƙwayar Schwann ce.

A 2013 ƙungiyar Anura Rambukkana a Edinbara ta sa ƙwayar kuturta cikin Schwann na ɓera ta zuba ido. Cutar ba ta kashe masaukinta ba, makullan ta karɓe. A hankali Sox10 ya yi shiru, aka cusa cingam ɗin metil a ƙofarshi, shagunan miyelin suka rufe, wasu shagunan na zamanin tayi suka buɗe, ƙwayar ta manta ita Schwann ce ta koma kamar ɗanyar ƙwayar da ba ta zaɓi sana'a ba, mai iya tashi ta yi tafiya har ta shiga tsoka ta zama tsoka, da cutar a cikinta. Wato sauƙin juyawar nan da ke jera masu fitila a hannun Auta shi ne ƙofar da ɓarawo ya samu a buɗe. Na daɗe zaune da wannan a tsakar gida an ɗauke kuran, ina tuna hannun Baba Tsoho. Da a yanzu ne da wata shida ko goma sha biyu na magani sun kashe cutar, kuma kyauta ake ba da shi tun 1995 ta hannun hukumar lafiya ta duniya, wanda ya fara sha ma ya daina yaɗa ta. Jijiyar da ta riga ta lalace ce ba ta cika dawowa ba, don haka farin tabo a fata wanda ka taɓa ba a ji, ba na rufewa da riga ba ne.

Juma'ar da ta wuce ɗigon bik ya kai gindin ƙaramin yatsa, santimita goma da ɗan wani abu daga tabon, saura wajen shida. Muna zaune na miƙa mishi kofin shayi, ya karɓa da hagun da gangan ya jingina shi a gefen tafin, ya ɗan jima sannan ya ce Yaya da zafi fa, amma wani irin zafi kamar daga nesa. Takarda har yanzu in na sa mishi tsakanin yatsun na ja tana zarewa, lokotoro ya ce tsoka ta fi fata nawa kuma ba lalle ta dawo duka ba, ya ci gaba da motsa su kullum kada gaɓoɓin su sandare kafin jijiyar ta iso. Shi dai lissafinshi ɗaya, kwana sittin, ya ce ranar zai je ya karɓi makullin moto wurin Inna, ita kuma ta ce mini a ɓoye ta ma manta inda ta aje shi.